Gidan Bakin Kwari

Mahaifinmu tela ne, ba mahauci ba, amma a ɓangarenmu na Jekadafari idan jajiberin ƙaramar Sallah ya zo, shi ake kira ya raba naman watanda. Magidanta ne ke haɗa hannu su sayi sa, a yanka shi a ƙofar gidanmu da hantsi. Mahauci ya feɗe, ya daddatsa, ya koma gefe yana wanke wuƙaƙensa, daga nan aikin Baba ke farawa. Zai naɗe hannun riga ya tsuguna gaban tabarmar kaba, ya riƙa kasawa: tsoka nan, ƙashi nan, ɗan kitse, yankin hanta, tumbi da hanji, har tozo sai ya yanyanka shi ƙanana don kowane kashi ya samu. Yakan daɗe har masu azumi su fara tsaki. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ɗauke wata 'yar tsoka daga wannan kashi ya kai wancan, ya ja da baya ya duba, ya sake dawo da ita inda take.

In ya gama, ba ya cewa wane ɗauki wannan. Kowa zai kawo alamarsa, wani tsinke, wani tsakuwa, wani murfin kwalba, wani ganyen darbejiya. A tara su cikin hula, a jira duk wanda Allah ya kawo ta hanyar, muddin bai san wace alama ce ta wa ba, a roƙe shi ya ɗora kowace a kan kashi ɗaya. Inda taka ta sauka, nan ne naka, ba musu ba canji.

Duk da haka ba a rasa mai gunaguni. Bayan Sallah sai wani ya tare Baba a ƙofar masallaci ya ce nasa naman ya yi tauri, ko ya ce uwargida ta ce ƙashi ya fi yawa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ni nama na raba, ban raba miya ba. Abin da ya faru a tukunyarka, tsakaninka ne da murhu." Tun ina yaro maganar nan take ba ni haushi. A ganina hanyar zillewa ce kawai, irin ta dattijon da ba ya son doguwar magana.

Mu biyu ya bari da ya rasu, ni da yayana, domin Inna ta riga shi da daɗewa. Yaya yadi yake sayarwa a Kasuwar Gombe, kuma ban san yadda yake ciniki ba, don magana sai an jawo ta daga bakinsa kamar guga daga rijiya mai zurfi. Ni kuwa malamin makaranta ne, bakina ne jarina, zuciyata kuma a kusa take. Tun muna yara idan aka yi mana rashin gaskiya ni ne mai ihu, shi ne mai tattara takalmanmu mu tafi gida.

Gida biyu Baba ya bar mana. Akwai tsohon na Jekadafari inda aka haife mu, ginin ƙasa cikin lungu, ɗakuna a matse, kwatar maƙwabta na bi ta ƙofar zaure. Akwai kuma na Kumbiya-Kumbiya, wanda ya sayi filinsa tun wajen yana gonaki, ya riƙa gina shi da bulo kaɗan-kaɗan har ƙarfinsa ya ƙare. Wannan yana da tsakar gida mai yalwa, da rijiya mai daɗin ruwa, da bishiyar mangwaro biyu a baya. Can nesa da katangar baya akwai wata 'yar hanyar ruwa, wadda akuya ke tsallakewa ba tare da ta ja da baya ba. Babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Malamin da ya zo rabon gado ya zagaya gidajen tare da dattawa, suka ce darajarsu kusan ɗaya ce, domin tsohon yana tsakiyar gari, ɗayan kuma yana da fili da sabon gini. Aka zauna a zauren Jekadafari aka tambaye mu wa ke son wanne. Kafin a rufe baki na ce na Kumbiya-Kumbiya nake so. Aka juya wajen Yaya, kowa na jiran ya ce to kamar yadda ya saba. Sai ya ɗago ya ce, "Ni ma can nake so." Wannan ne karon farko da na ji shi ya furta yana son wani abu a gaban mutane.

Kawunmu, ƙanen Inna, shi ya warware. Ya ce, "'Ya'yan mai rabon watanda ba sa rigima a kan kashi. Ku yi yadda ubanku ke yi." Aka ajiye makullan gidajen biyu a kan tabarma, ɗaya tsoho baƙi, ɗaya sabo. Ina cin dabino a lokacin, sai na miƙa ƙwallon. Yaya ya shiga ciki ya ɗauko ɗan gawayi daga murhu. Kawu ya cire hularsa ya zuba su, muka zauna muna kallon lungu.

Wadda ta fara wucewa wata Bafulatana ce mai tallan nono. Da aka kira ta har ta fara sauke ƙwarya, sai Kawu ya yi mata bayani. Ta dube mu ta yi dariya ta ce, "Ni fa ba ruwana, kada gobe a ce ni ce." Ta sa hannu a hular ba tare da ta leƙa ba, ta ɗora abin da ta fara taɓawa a kan sabon makulli. Ƙwallon dabino ne. Ta ɗora gawayin a kan tsohon, ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba, ban sake ganinta ba har yau.

Yaya ya ɗauki makullinsa ya sa a aljihu ya ce, "Allah ya sa alheri, Auta." Na ce, "Rabo ne, Yaya, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Ranar kam na yarda duniya tana tafiya a kan adalci, domin ta zo mini daidai.

Na ji daɗin gidan nan, ba zan ɓoye ba. A ciki na ajiye iyali, a ciki aka haifi yarana duka. Da bazara maƙwabta na layi a bakin rijiyata, idan mangwaro ya nuna kuwa sai na tsaya da sanda ina korar yaran unguwa, alhali ni ma na san a ƙarshe raba musu zan yi. Yaya yakan zo jifa-jifa, ya zauna a inuwar bishiya, ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, ya tafi. Bai taɓa cewa komai game da gidan ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Sai gari ya fara cika. Bayan Gombe ta zama babban birnin jiha, duk tudun da ke samanmu ya koma rufin kwano da kwalta da siminti. Ruwan da a da yake nutsewa a gonaki ya rasa wurin zama, sai ya riƙa gangarowa gaba ɗaya yana neman hanya. Ƙasarmu kuwa yashi ce, ba ta da gardama. 'Yar hanyar ruwan da akuya ke tsallakewa ta zama rami, ramin ya zama kwari, kwarin ya kai zurfin da idan mutum ya tsaya a ciki ba a hango shi daga sama. Kowace damina sai ya ɗan gutsiri gefensa ya matso. Ba lokacin da ake ruwan yake ci ba. Sai an ɗauke, rana ta fito, kana shirin shanya tabarma, sai ka ji tim daga baya, ka san wani yanki ya tafi.

Babu abin da ba mu gwada ba. Mun jera buhunan yashi, mun binne tsofaffin tayoyi, mun dasa ciyawar nan da ake kira kashe-kwari har hannuwanmu suka yi kanta. Duk sharar unguwa can ake zubawa wai ta tare. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kwashe wahalar wata guda, ya bar mana ledoji suna lilo a jikin saiwoyi.

Wanda ya fara rasa gida maƙwabcina ne na baya, wani dattijo mutumin Borno da tashin hankali ya koro shi da iyalinsa. Ya sayi gidan ne da araha saboda kusancinsa da kwarin, don abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Ranar da ɗakinsa ya zame, na je yi masa jaje ina ta faɗa, kamar ni aka yi wa. Yana ɗaure katifa da igiya ya ɗago ya ce, "Malam, wannan bala'in ai mai mutunci ne. Ya ba mu lokacin kwashe tabarma. Wancan da muka baro ko takalmi bai bari mun ɗauka ba." Ana cewa idan abu ya dame ka ka dubi na ƙasa da kai. To na duba, kuma ban ji wani sauƙi ba, sai ma haushin ya zama biyu. Mutumin da ya rasa gida sau ɗaya, me ya sa sai shi za a sake zaɓa?

A Jekadafari kuwa labari ya sha bamban. Aka fasa titi ta lungunmu na da, ya cinye gaban gidajen da ke tsallake, ya zo ya tsaya cak a ƙofar zauren Yaya. Aka gina magudana, kwatar da muka tashi muna tsallakewa ta ɓace. Zauren ya koma shaguna, 'yan haya na rububi. A hankali ya rushe ginin ƙasar ya mayar da shi na bulo. Bai nemi titin ba, bai san wanda ya ja layinsa ba, yana zaune a rumfarsa yana auna yadi abin ya same shi.

Daga nan na fara sauya hanya idan zan je makaranta, don kada in bi ta gabansa. Ba na ƙin ya samu, Allah ya sani. Abin da ke cina shi ne ranar da muka zauna a tabarma ɗaya aka ce mana kashi biyu daidai suke. Ina cikin aji ina koyarwa, amma a zuciyata shari'a nake yi. Na tsara hujjojina tsaf: gado dai an ce a raba daidai, yanzu kuwa kowa ya ga ba daidai ba ne, dattawa sun yi kuskuren ƙima tun farko domin ba su duba hanyar ruwan ba, saboda haka a sake zama. Na karanta wa maiɗakina wannan jawabi tana tsince shinkafa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, da na Yaya ne ya rushe, naka ya samu titi, za ka kira a sake zaman?"

Na ce wannan magana ce daban.

Ta ce, "To," ta ci gaba da tsintarta. Wannan to ɗin ya fi zagi ciwo.

A shekarun da azumi ke faɗowa cikin damina ne abin ya iso gare ni. Ana cikin goman ƙarshe aka yi wani ruwa tun azahar har bayan la'asar. Da aka ɗauke muna shirin buɗa-baki, sai muka ji ƙarar da muka sani, amma wannan karon ƙasa ta girgiza har kwanuka suka yi ƙara. Katangar baya ta tafi, banɗaki ya bi ta, babban mangwaron yana kwance can ƙasa saiwoyinsa a sama. Bakin rijiya ya tsage, wata tsaga kuma ta hau bangon ɗakin yara har rufi. Muka kwashe kowa muka dawo ɗakin gaba da zaure. Na san ruwa biyu ko uku irin wannan sun ishi sauran, kuma ba ni da inda zan kai iyalina.

Sai na yanke cewa ranar jajibere zan yi maganar. Tun rasuwar Baba Yaya ne ya gaji rabon watanda, kuma duk dattawan da suka rage suna hallara a ƙofarsa. A gabansu aka yi rabon farko, a gabansu zan nemi a sake. Na sa ƙwallon dabino a aljihu, don tun daga wancan lokacin shi ne alamata kowace shekara, na hau hanya ina maimaita jawabina.

Na tarar an gama fiɗa. Yaya na tsugune gaban tabarma, ya tsufa fiye da yadda nake ɗauka, gumi na ɗiga daga gemunsa ga azumi a baki. Na tsaya a bayan mutane ina jiran ya gama. Yana kasawa a hankali, yana yanyanka tozo ƙanana. Can sai na ga ya ɗauke wata 'yar tsoka daga wani kashi ya kai na gefensa, ya ja da baya ya duba, ya sake dawo da ita. Wani ya ce, "Alhaji, rana fa tana yi." Bai ko ɗago ba.

Aka tara alamomi a hula, na jefa tawa. Wani mai tura kurar ruwa ya zo wucewa aka tsayar da shi. Ya goge hannu a wando, ya riƙa ɗorawa ɗaya bayan ɗaya yana sauri, don kurarsa na tsakiyar titi. Ina kallon hannun nan nasa, sai jawabina ya fara warwarewa. Na nemi wanda zan kama da laifi a cikin shari'ar tawa. Dattawan da suka yi ƙima sun duba abin da ido ke gani ranar, sun yi iyakar ƙoƙarinsu kamar yadda Yaya ya yi yanzu da 'yar tsokar nan. Mai nono ko leƙa hular ba ta yi ba. Yaya bai ja titi ba, bai tura ruwa ba. Babu wanda ya cuce ni, kuma ga shi na rasa gida. Abu biyun nan duk gaskiya ne, sun ƙi haɗuwa a kaina, har yanzu ma ba su gama haɗuwa ba.

Na ɗauki kashina na zuba a leda, na fasa jawabin. Har na juya sai na ji ya ce, "Auta, tsaya in wanke hannu. Mu je in ga wurin." Ban gaya masa ba, amma Gombe ba ta ɓoye irin wannan labari.

Ya goya ni a babur ɗinsa har gida. Ya gaisa da iyali, ya wuce baya kai tsaye, ya tsaya a inda katanga take a da. Na ce ya ja baya, ƙasar ba ta da tabbas. Bai ji ni ba, mangwaron yake kallo can ƙasa, ganyensa ya fara yaushi.

Ya ce, "Ni na dasa shi. Kana makarantar kwana lokacin. A bayan keke na kawo dashen, su biyun. Kafin a haƙa rijiya daga cikin gari nake ɗebo musu ruwa kullum bayan na taso kasuwa." Sannan ya ƙara, "Harsashin ɗakin can ma ni da Baba muka haƙa. Bayan gawayina ya sauka kan tsohon makulli, na daɗe ban iya bin hanyar nan ba."

Na ji kunya da tausayi sun taso mini lokaci ɗaya. Duk shekarun da yake zuwa ya zauna a inuwar nan ya sha ruwa, ashe wurin abinsa yake zuwa. Na ce, "Yaya, me ya hana ka yi magana?"

Ya juyo ya dube ni ya ce, "In yi wa wa? Mai nono?"

Dariya ta kuɓuce mini, kafin in ankara ta koma hawaye. Ya bar ni har na gama, yana kallon wani waje kamar bai gani ba. Sannan ya ce, "Ɗakunan baya na gidana na gyara tun farkon damina. Ban faɗa maka ba don na san halinka. Ku kwaso kaya gobe bayan an sauko idi, kada ku jira wani ruwan."

Girman kai bai sake ni nan take ba. Ni da na fito neman a sake rabo, sai ga ni ina cewa, "Ai an riga an raba, Yaya."

Ya ce, "An raba, kuma ba na taɓa rabo. Wancan gidan nawa ne, wannan ramin naka ne. Amma ka taɓa ganin an dafa naman Sallah ba a aika wa juna kwano ba?"

Washegari da rigunan Sallah a jikinmu muka cire kwanon rufi da ƙofofi. Kafin damina ta fita kwari ya cinye ɗakin yara da rijiya da ɗaya mangwaron. Daga baya an zo an gina babbar magudanar kankare ta tsare ruwan, kuma bangonta ya bi daidai ta inda zaurena yake. Gidan da ke gaban nawa yana nan lafiya lau, har fenti aka yi masa. Idan na bi ta wurin nakan tsaya in yi lissafin cewa da aikin ya zo damina ɗaya kafin nan, da ina zaune a gidana. Masu cewa komai daidai yake ba su taɓa tsayawa a wannan wurin ba. Ba daidai ba ne, kuma babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa in kai ƙara, sai in yi hamdala da yarana suka fita da rai, in hau hanya.

Yanzu gwiwoyin Yaya ba sa yarda ya tsuguna, saboda haka rabon watanda ya dawo kaina. Yana zama a kujera a ƙofar shago yana kallona. Ni da aka sani da gaggawa, an ce na fi su duka jinkiri. Bara wani matashi ya tare ni bayan Sallah yana cewa kashinsa duk jijiya ne, na buɗe baki zan yi masa dogon bayani irin na malaman makaranta, sai na ji maganar Baba ta fito da kanta. Ya tafi yana jin haushi, na gane haushin sarai.

Abin da ke hannuna shi ne 'yar tsokar nan, in kai ta can, in duba, in dawo da ita, har sai idona ya daina ganin bambanci. In na gama sai in miƙe in wanke hannu, in jefa ƙwallon dabinona cikin hula tare da na kowa, in juya wajen titi in jira wanda zai wuce.